Ƙwallon da Ke Iso Mini a Makare

Walda ce ta cinye idon Baba. Shekara da shekaru yana gareji a Suame yana haɗa ƙarfe da ƙarfe, tabarau na rataye a ƙusa, in an ce ya saka sai ya ce zafi yake sa shi. Da ya ajiye aiki, talabijin ta zame masa haske mai motsi kawai. Rediyo kuwa ya ƙi ta ƙememe, wai masu sharhin ihunsu ya fi ganinsu yawa. Saboda haka duk ranar da ƙungiyar ƙasarmu za ta buga wasa, ni nake zama kusa da kujerarsa a tsakar gidanmu na Zongo, ina faɗa masa wa ke riƙe da ƙwallo, wa ya zubar, wa ya kamata a cire. Yayyena maza uku suna nan, amma su da wasa ya yi zafi sai zagi, babu bayani. Shi Baba, Uwata yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci.

Sai aure ya kai ni Jamus. Ranar sallama bai yi mini doguwar nasiha ba, cewa ya yi, "Uwata, yanzu wa zai riƙa gane mini bol?" Na ce ai waya ba ta mutu ba.

Ashe kallon wasan ƙasarku a ƙasar wasu aiki ne. Tashoshinsu ba ruwansu da mu. Da kyar mijina ya samo wani shafi a intanet, hoton na tafiya yana tsayawa kamar tsohuwar motar haya torotoro a hawa. Na dafa shinkafa da wake, ta fito fara fat don babu karan dafin da ke sa ta yi ja irin ta gida, na zauna da la'asar na kira gida. Ina jin muryar Baba, da ƙarar cokula, da akuyar maƙwabta, sai kewa ta kama ni.

Na yi ta ba shi labari yadda na saba. Bayan hutun rabin lokaci, ƙwallo na tsakiyar fili, ina cewa, "Ɗan bayanmu na neman wanda zai ba," sai waya ta fashe da ihu. Unguwa gaba ɗaya, ham ɗin motoci, guɗar mata, babban yayana na ta kururuwa, "Gol! Gol paa!" Na dubi allona, ɗan bayan nan yana nan yana ta dube-dube abinsa.

A nan na gane. Hoton yana iso mini ne a makare, kusan minti guda. Ke nan awa ɗaya cur ina ba Baba tsohon labari. Duk ƙwallon da aka zubar ya riga ya ji tsakin 'yan gida kafin in buɗe baki, bai ce mini komai ba. Kunya ta rufe ni, ga haushi, ga kuka ya taso.

"Baba, kun riga ni gani," na ce. "Ba ni da amfani daga nan. Bari Yaya ya riƙa faɗa maka."

Na ji ya daka musu tsawa, "Kai, ku yi mini shiru!" Sannan ya matso da wayar bakinsa. "Uwata, ihu na ji, ban ga komai ba. Ina bol take a wajenki?"

"Tana tsakiya, Baba."

"To, kawo ta. A hankali."

Na share ido na kawo ta. Daga ɗan baya zuwa ɗan wasanmu na gefen hagu, ya yanke mutum ɗaya, ya ɗago ta, mai tsaron gidansu ya fito da wuri, ta wuce ta kansa. Na ce, "Ta shiga, Baba."

Tsakar gida ta riga ta lafa, har an koma cin abinci. Shi kaɗai na ji ya ɗaga murya yana ihu, kujerarsa na ƙara.