Jif ɗin Sallau Mai Albasa

"Kujera takwas, wai har da firji a ciki!"

"Kai, albasa ta yi rana!"

Zancen Sallau ake yi a Morai, mutumin da ko buhu ba ya saye sai ya gwada. Kafin ya karɓi ƙatuwar jif ɗin, sai da ya zuba iyalinsa ciki, ya bi ramukan hanyar Bakura, ya ƙure sanyi har tsohuwarsa ta nemi bargo. Komai ya yi masa. Lungun gidansu kaɗai bai auna ba, inda ko jaki mai mangala sai ya gogi bango. Mota ta ƙi shiga. Ya yi wa maƙwabcinsa doguwar gaisuwa, sannan ya sassauta murya:

"Malam Jafaru, don Allah ara mani katangarka in rushe, bayan damina in maido maka."