Ƙwai Tara na Hadiza

Tun ina da cikin Amira nake tsoron kada ta ɗauko zuciyata. Akwai abin da na aikata wata damina, shekarar da aka cire ni daga aji huɗu, wanda har yau ban faɗa wa kowa ba.

A gidanmu, can wajen Gumel, kakarmu Iya takan ba kowace jika 'yar tsako ta yi kiwo. Tawa shaho ya ɗauke ta ina wurin tallan gyaɗa. Ta ƙanwata Hadiza kuwa ta girma, ta saka ƙwai tara, ta kwanta a kansu cikin akurkin da ke bayan rumbu, Iya ta sa wa kowanne alama da gawayi. Kullum in mun sauke tulun ruwa sai Hadiza ta durƙusa ta leƙa, tana raɗa wa 'yan tsakin suna tun ba a ƙyanƙyashe su ba, ni kuma wani abu yana cin ƙirjina. Wata Laraba kowa ya tafi gona, kazar ta fito cin tsaba, na ɗauki ƙwan ɗaya bayan ɗaya na girgiza da ƙarfi, na mayar da su gawayin yana sama yadda na same su. Duk suka zama baragurbi. Iya ta ce, "Wannan kaza ba ta iya kwanci ba," aka yanka ta. Hadiza ta ƙi taɓa tuwon ranar. Ni na ci, har da ƙari.

Yanzu muna ƙasar Larabawa, a unguwar Al Buteen, ɗaki ɗaya, maigidana yana ɗaurin kaya a kasuwar Murshid Bazaar. Maƙwabciyata Kumari 'yar Sri Lanka ce, mai bin addinin Buddha. Makon jiya Amira ta ɓalle kan 'yartsanar ɗiyar Kumari, don kawai ta fi tata kyau. Na ɗaga hannu, Kumari ta riƙe ni. "Shwaiya, habibti," ta ce, wato a hankali, ƙawata. Da guntun Larabcinta da nawa ta ce su ana koya musu wuta uku ce ke cin mutum, kwaɗayi da ƙiyayya da ruɗu, kuma mari ba ya kashe ta, sai mutum ya tsaya ya dube ta. Ta durƙusa ta tambayi Amira, "Ina yake miki zafi?" Yarinyar ta dafa ƙirji. Daidai wurin da tawa wutar ta ci ni.

Ni Musulma ce, na ji sunan hassada tun a Islamiyya. Amma tawa ban taɓa dubanta ba, rufe ta na yi, kamar yadda na juya gawayin sama.

Hadiza tana kirana duk Juma'a, har takan ba Amira labarin kazarta marar sa'a tana dariya, ni ma in taya ta. Jibi Juma'a. Don Allah ku yi min addu'a, wannan karon in iya faɗa mata.