Lorna da Sandar Hamsin

Lorna Thibodeau direbar motar ɗaukar 'yan makaranta ce a garinmu Duluth. Da safe ta kai yara, da rana ta je ta kwaso su, tsakanin nan kuwa lokacin nata ne ita kaɗai. A wannan tsakanin na san ta, don ni ma da hantsi nake tashi daga gidan burodin da nake aiki.

Ɗakin da muke koyon rawar sanda yana saman wani shagon wanki, tagoginsa suna kallon tafki. Sanduna shida ne a kafe daga ƙasa har rufi. Biyar na farin ƙarfe ne, kaurin kowacce milimita arba'in da biyar. Ta shidan tana can lungu, tsohuwa ce ta tagulla, kaurinta hamsin. Malama Renata, mai wurin, ta samo ta a wani gidan rawa da aka rufe. Babu mai son ta, don cika hannu take yi ta gajiyar da shi. Hamsin kawai muke ce mata, kamar sunan mutum.

Ranar da Lorna ta fara zuwa shekarunta hamsin da uku. Ta makara, ta tarar duk an kama sauran sandunan. Gajeriya ce, hannuwanta ƙanana.

Malama Renata ta ce, "Ki ɗan jira wata ta sauka. Wannan ta fi ƙarfin hannunki."

Lorna ta ce, "Motar da nake ja ma ai ta fi ni. Bar ni da ita."

Yatsunta ba su taɓa zagaye Hamsin sun haɗu ba. Da ta ga hannu ba zai riƙe ta ba, sai ta koyi riƙo da cinya, da bayan gwiwa, da gefen ciki. Tagulla tana saurin ɗaukar ɗumi, in ta yi ɗumi kuma sai ta kama fata. Lorna takan hau a hankali, ba ta gaggawa, har kanta ya kusa taɓa rufi. Nan za ta harɗe ƙafafu ta zauna, ta saki hannu biyu, ta zuba wa tafkin ido. Daga can ba a ganin titi, sai ruwa da hazo, da manyan jiragen ruwa na dakon tama suna shigowa kamar ba motsi suke yi ba. Ta taɓa ce min in tana can, ji take kamar ɗakin ya kwance daga ginin yana tafiya da ita a kan ruwa.

Nakan ce mata, "Ke Lorna, sauko mana. Ko tarewa kika yi a can?"

Sai ta ce, "In kin isa, mai burodi, hawo ki sauko da ni."

Shekara huɗu muka yi a haka. Sai aka sayar da ginin, Malama Renata ta mayar da mu wani tsohon sito kusa da gada. Rufinsa ya fi tsawo, Hamsin ba ta kai ba. Aka kafa sababbi, wasu arba'in da biyar, wasu arba'in, sirara masu juyawa.

Mu murna muka yi. Lorna kuwa ranar farko ta kama siririyar ta damƙe ta da irin ƙarfin da ta saba, kafin a tashi gwiwar hannunta ta fara ciwo. Da ta hau ta harɗe ƙafa, sandar ta nutse a cinyarta ba ta cika wurin ba, sai ta sulalo har ƙasa ta zauna daɓas. Ba ta ji rauni ba. Ta yi dariya, ta sa rigarta ta tafi. Mako uku ba mu gan ta ba.

A filin ajiye motocin makaranta na same ta wata rana, tana zaune a kujerar direba tana shan miyar shinkafar daji. Na miƙa mata burodi mai zafi na zauna a kujerar farko.

Na ce, "Guduwa kika yi ke nan, ƙawata?"

Ta ce, "Ba gudu ba ne, Corinne. Jikina abu ɗaya ya haddace. Ko barci nake yi, in na farka sai in ga hannuna a buɗe daidai faɗin Hamsin. Yanzu a ce in koma 'yar koyo, da furfurata?"

"Da furfurar ai kika fara. Ƙaruwa kawai ta yi."

Ta harare ni, ta gutsiri burodin. Ranar Talata sai ga ta.

Malama Renata ba ta yi mata wani dogon bayani ba. Ta ce mako biyu ta tsaya a kan arba'in da biyar, hawa da sauka kawai. Bayan nan, minti goma na ƙarshen kowane darasi ta koma arba'in, amma ban da juyar da kai ƙasa. Kullum in ta wuce ta bayanta sai ta taɓa mata wuyan hannu ta ce, "Sassauta. Ba shaƙe ta aka ce ki yi ba." Ƙafafun ne suka fi ba ta wahala, sai da ta koyi matse su fiye da da, cinyoyinta suka yi ta yin shuɗi kamar na sabon shiga.

Wata safiya a watan Fabrairu, ƙanƙara na sauka a hankali a bayan manyan tagogin siton, mu huɗu ne kawai muka zo. Ina shafa wa hannuna garin hana santsi sai na ji ta kira ni, murya ƙasa-ƙasa.

"Corinne, zo ki ga wani abu."

Tana tsaye riƙe da siririyar sandar da hannu ɗaya. Babban yatsanta ya zagayo ya taɓa na tsakiya. Ta daɗe tana kallonsu kamar hannun wata ne aka ara mata. Sai ta taka sau biyu, ta ɗaga ƙafafunta. Sandar ta ɗauke ta tana juyawa, hannu ɗaya a sama, ɗayan a sake, gashinta fari yana binta a baya. Abin da ba ta taɓa iyawa ba ke nan a kan Hamsin. Babu kiɗa a ɗakin, sai ƙarar injin ɗumama ɗaki. Ta yi ta zagayawa idonta a rufe, har juyin ya mutu da kansa, yatsun ƙafarta suka sami ƙasa.

Ta ce, "Ashe ba ni da nauyi haka."

Yanzu duk sandar da ta samu hawa take yi. Al'adarta guda ce: kafin ta fara, sai ta kama sandar ta yi shiru kamar minti ɗaya, har hannunta ya gane da wa yake tare. Sababbin zuwa sukan ɗauka addu'a take yi.

Bara, a wasan da ɗalibai ke yi ƙarshen shekara, ta yi rawa ta minti uku, ta fara a kan arba'in da biyar ta ƙare a kan arba'in. Abokan aikinta direbobi su biyar suka zo, suka zauna a layin gaba da manyan rigunan sanyinsu, ba su san inda za su ajiye idonsu ba. Da ta sauko, wani dattijo a cikinsu mai suna Arvid ya zo ya tsaya yana murza hularsa. Can ya tambayi Malama Renata ko ana karɓar maza. Ta ce ya zo ranar Alhamis da gajeren wando.