Hoton da Mode Ya Sa Cikin Gari

Lokacin da Mariyatu take takabar mijinta, ba ta da mai kai mata niƙa. 'Ya'yanta duk suna gidajen aure, ita kuma ba ta fita. Ran nan da hantsi ta ji sallama daga zaure, muryar Mode ce, mai injin niƙa na bakin layinsu a Gidan Dare. Ya ce ta riƙa ajiye kwanon geronta a bakin ƙofa, in ya zo wucewa zai ɗauka. Haka ya yi ta yi har ta fita takaba. Ya ɗauka, ya niƙa, ya maido a rufe da faifai, ya yi gyaran murya ya wuce, bai taɓa tsayawa jiran godiya ba. Shi ya sa har yau take jin nauyin faɗar abin da ya biyo baya. Amma dai ya faru, kuma a gabanta.

Mode ɗan manoman shinkafa ne daga wani ƙauyen fadama. Ya tashi yana jin ana cewa takin gwamnati na nan tafe, har mahaifinsa ya rasu takin bai iso ba, sai dai su gan shi a kasuwa hannun 'yan kasuwa. Ya bar wa ƙannensa gona ya shigo birni. Ya yi dako, ya yi turin ruwa, har Allah ya hore masa wani tsohon inji ya kafa rumfa. Girarsa kullum fara fat da gari, kuma ƙarar inji ta taɓa masa kunne, don haka ko gaisuwa zai yi sai ka ce faɗa yake. Ba ya ha'inci a awo. Abin da ya tsana a duniya masu karɓar haraji ne. Wannan ya zo ya ce na shara, wancan ya ce na allon talla, alhali Mode ko allo ba shi da shi, shara kuwa ga ta nan jibge bayan rumfa.

Da kakar zaɓe ta kama, ya ji wani ɗan takarar shugaban ƙasa na wata ƙaramar jam'iyya yana magana a waya. Mutumin ya ce gwamnati ta cire hannunta daga kasuwa, ta bar kowa da sana'arsa, ta daina karɓa ta kuma daina rabo, ta tsaya ga tsaro da shari'a kawai. Mode ya ce wannan bawan Allah kamar a rumfarsa ya girma. Daga ranar ba wanda ya sake samun lafiyar kunne a layin.

Jam'iyyar ba ta raba taliya, ba sabulu, ba atamfa. Masu zaman benci a gefen rumfa suka samu abin yi.

"Mode, wai ɗan takarar nan naka mi shika rabawa?"

"'Yanci."

"To, da manja aka dahwa shi, ko da man gyaɗa?"

Sai ya tada inji don kada ya ji dariyarsu.

Mai kawo masa saƙon jam'iyya wani ne Sharifuddeen, ma'aikacin gwamnati da ke zaune a Arkilla. Ranar Asabar yake zuwa da mota, kuma ba ya fitowa, sai ya sauke gilashi rabi saboda ƙurar gari. Mariyatu ta sha ganinsa in ta fito sayen kayan miya. Abin yana ɗaure mata kai, mutumin da gwamnati ke ciyarwa shi ne kan gaba wajen cewa a rage ta. Shi ya kawo wa Mode kwalin wasu 'yan katuna, kowanne da hoton ɗan takara yana murmushi babu ko hula, da lambar waya a ƙasa, da tambarin jam'iyya da rubutun Turanci a gefe. Ya ce ƙuri'a tana hannun mata, ta yaya za a kai gare su suna cikin gida?

Mode ya ce wannan mai sauƙi ne, babu gidan da kwanonsa ba ya bi ta hannunsa. Ya samu almakashi ya yanke gefen da ke da Turanci, har da tambarin, wai matan layin ba su karanta shi, fuska za su gane. Bai ko tuna cewa takardar zaɓe tambari take ɗauke da shi ba fuska ba. Abin da ya rage, fuskar namiji mai murmushi da lambar waya, shi ya riƙa sawa cikin 'yar leda yana tusawa cikin gari a ƙarƙashin faifai.

Mariyatu ta tsinci nata tana tankaɗe. Ta juya shi, ta jefa murhu, don ta san halin mazan layin ɗaya bayan ɗaya.

Ba a kai la'asar ba labari ya fito daga gidan Malam Mu'az. Shi ɗan gidan malamai ne, yana ba da karatu bayan magariba, zaurensa kuwa manne da hotunan babbar jam'iyya har kan ƙyaure. Ya dawo ya tarar da kwanon matarsa Sadiyatu a zaure, ya shiga da shi, faifai ya zame, ga leda. Ya tambaye ta wane ne wannan. Ta duba ta yi dariya ta ce ita ina ta sani. Dariyar ce ta ƙarasa shi. Ya yi mata saki ɗaya, ya ce ta tafi gidansu, ta bar masa yara.

Dare bai yi ba sai da kowane maigida ya shiga ya tambayi matarsa ko ita ma ta ga wani abu cikin gari. Duk suka ce ba su gani ba. Zakiyya maƙwabciyar Mariyatu, wadda da azahar ta ɗago nata katin ta kan katanga tana cewa "Inna, kin ga saurayina", ita ce har da rantsuwa. Haka Sadiyatu ta zama ita kaɗai aka aiko wa hoto a duk Gidan Dare.

Washegari Malam Mu'az ya tsaya gaban rumfa, mutane suka taru. Mode ya ce shi ya sa, kuma kowane kwano ya sa. Magidanta suka ce ƙarya ne, matansu ba su gani ba. A nan da Mode ya durƙusa ya ba da haƙuri, da wataƙila abin ya yi sauƙi. Sai ya ɗaga murya ya kama bayani.

"Malam, ai mace ma tana da 'yancin ta zaɓi wanda taka so."

Yana nufin ƙuri'a, kowa ma ya sani, amma ba maganar da za a faɗa wa mutumin da ya saki matarsa jiya ba ce. Da ƙyar aka janye Malam Mu'az. Aka kira Sharifuddeen a waya don ya zo da katin da ba a yanke ba. Ya ce yana da taro, kuma wannan sha'ani ne tsakanin mutum da iyalinsa, aƙidar jam'iyyarsu ba ta yarda da shiga gidan kowa ba.

Mariyatu ba mai shiga maganar mutane ba ce. Amma ta san Sadiyatu tun ranar da aka kawo ta amarya, yarinya ce da ko ƙofar zaure ba ta leƙawa. Ta sa hijabi ta bi gidajen layin. Ba ta yi wa kowa wa'azi ba. Ta zauna kan tabarma, ta sha ruwa, ta kalli matar gida har matar ta sunkuyar da kai. Wasu sun ƙone nasu. Zakiyya ta zaro nata daga ƙarƙashin katifa tana roƙon kada a ambaci sunanta. Wata ta ciro daga cikin gwangwanin gishiri.

Ta sami Malam Mu'az a zaure ta shimfiɗa katunan gabansa, duk da gari a jikinsu. Ta ce ita ma ta samu a kwanonta, kuma ya san shekarunta. Ya daɗe yana kallonsu. Ta ga ya gane, ta ga kuma ya riga ya gane tun kafin ta zo.

"Inna, na ji. Amma in na maido ta yanzu, cewa za a yi Mode da jam'iyyarsa sun kada ni. A bari zaɓe shi wuce."

"Idda ba ta jiran zaɓe, Malam."

Ya ɗauki carbinsa, ya ce Allah ya saka mata da alheri. Ta tattara katunan ta fito.

Ta hau keke napep ta je Sabon Gari gidan iyayen Sadiyatu. Ta same ta zaune bakin murhu, ta faɗa, tana juya tuwon da ba ita za ta ci ba. Sadiyatu ba ta zagi kowa ba. Ta tambaya kawai ko an kai ƙaramin ɗanta asibiti, don ta baro shi da tari. Mariyatu ba ta sani ba, ta ce za ta duba.

Tana saukowa daga keke a bakin layi, Mode ya hango ta daga gindin inji. Rumfar ba kwano ko ɗaya, tun ranar magidanta suka hana kawo masa niƙa. Ya taho yana kakkaɓe riga. Ta tsaya, tana zaton zai tambayi Sadiyatu, ko yaron, ko abin da Malam Mu'az ya ce.

Ya gaishe ta da ƙarfi kamar kullum, sannan ya zaro sabon damin katuna da Sharifuddeen ya sake kawo masa daga aljihu, waɗannan ba a yanke su ba.

"Inna, na ji an ce yanzu babu gidan da ba ki shiga. Wagga hanya ta kwano ta ɓaci. Tunda ke ba ki da mijin da za shi bincike ki, don Allah ki sa su cikin hijabinki, duk inda kinka zauna ki aje ɗaya."