Jatan Landen da Ya Kusa Mayar da Ni Gida

Kafin in zo Riyad, jatan lande iri ɗaya na sani: busasshe, ƙanana, wanda ake dakawa a zuba a miya. A gidan da nake tuƙin mota a unguwar Suwaidi na fara ganin ɗanye, manya kamar yatsun ƙato. Kukun gidan, wani ɗan Filifin, yakan dafa shi a cikin bira, wato ruwan sha'ir ɗin nan da ake sayarwa a kowane kanti, mai kwalba irin ta giya amma babu ko ɗigon abin maye a ciki. Wata rana ya miƙo mini guda ta tagar kicin. Na ɓare na ci, na jingina da mota ina lasar yatsa. Ban tambaye shi yadda ake yi ba. Na ga tukunya, na ga kwalba, sai na ɗauka na iya. Halina ke nan tun ina gida.

A unguwar Gubaira nake kwana, a ɗakin Kawu, ƙanin mahaifiyata, mai walda ne da ya daɗe a garin. Shi ya nemo mini aikin, shi ya tsaya mini wurin kafil, Balaraben da takardun zamanmu ke ƙarƙashin sunansa. Ran da na sauka magana ɗaya ya gaya mini: duk ranar da na jawo 'yan sanda ƙofar ɗakin nan, ranar zan koma Najeriya, kuma shi zai raka ni filin jirgi da kansa.

Wata Juma'a bayan an sauko masallaci, Kawu ya wuce unguwar Dira gaishe da wani abokinsa. Na ce bari in ba shi mamaki. Na sayo jatan lande a wurin masu kifi, na biya kantin bakin layi na ɗebi kwalaben bira. Mai kantin ko ɗaga kai bai yi ba. A gabana wata mata ta ɗauki irinsu ta haɗa da madara da burodi. Amma ni a unguwarmu na tashi, inda in aka gan ka da kwalba mai wannan siffa, kafin la'asar an kai wa mahaifinka labari. Kunya ta kama ni. Na ninka leda, na rufe da rigata, na hau bene kamar ɓarawo. Da na shiga ɗaki sai na jiƙa kwalaben a bokiti, na ɓare takardun jikinsu tas, na dunƙule, na sauka na jefa a babban kwandon shara na titi. Wai don kada Kawu ya ga kalmar bira ransa ya ɓaci.

Na juye ruwan kwalaben a tukunya, na sa gishiri da barkono da albasa. Da ya tafasa na zuba jatan lande. Abin da na zuba launin toka gare shi, kafin in ajiye ludayi ya koma jawur. Na ja da baya ina salati. Na zaci ya lalace. Na ɗanɗana guda, na ji laushi da daɗi, amma zuciyata ta ce naman da yanzu ya shiga ruwa ai bai dahu ba. A gidanmu nama sai ya sha wuta. Na rufe tukunya. Da na sake ɗanɗanawa na ji ya yi tauri, sai na ce to, irin ganda ne, ƙarin wuta yake so. Na ƙara bira, na ƙara wuta. Kumfa ya yi ta ambaliya yana ƙonewa a kan murhu. Ƙofa a rufe, taga a rufe, hancina ya saba, ban ji komai ba. Kwalaben kuma na tura su bayan tukunyar gas na rufe da tsumma.

Ban ji sallamar Kawu ba, bugun ƙofar da bango na ji. A bayansa ga maƙwabcinmu, wani dattijo ɗan Sudan, ya toshe hanci da gefen rawaninsa.

Kawu ya ce, "Inna lillahi! Kai, me kake dafawa?"

Na ce, "Jatan lande ne, Kawu. Kai na yi wa."

"Jatan landen ne na jiyo warinsa tun daga bakin titi? Duk benen nan warin gidan burkutu yake!"

Sai a lokacin na ji warin da kaina, mai tsami, mai nauyi. Kawu ya kashe wuta, ƙafarsa ta ture tsumman, kwalabe suka gangaro suna ƙara. Ya ɗauki ɗaya ya juya ta gaba da baya.

Na ce, "Wallahi ta kanti ce, wadda ba ta bugarwa."

Ya ce, "Ta kanti na san ta, na sha ta, mai tuffa ma na fi so. Ta kanti da takarda a jikinta. Taka ina tata? Waɗanda aka kama suna haɗa giya a ɗaki, kwalabensu haka suke, tsirara, a ɓoye. Ɗauko jakarka."

Kawu na shan bira mai tuffa! Wannan ma ya kusa kayar da ni. Duk wahalar da na sha ta ɓare takarda, don mutumin da ya riga ni sanin abin ne.

Na jawo jakar ke nan sai na tuna da takardun da na jefar, ban ko tsaya sa takalmi ba. Na sauka a guje, na kifa rabin jikina cikin kwandon sharar nan da rana tsaka, ƙarfen na ƙona mini ciki, ina tona ɓawon kankana da ragowar shinkafa. Allah Ya taimake ni motar shara ba ta zo ba. Na hawo da dunƙulen takardu, na warware su a kan tabarma. Dattijon ya sa tabarau ya karanta Larabcin a hankali, ya ce wa Kawu, "Babu maye, ya Hajji." Ya fashe da dariya har yana dafa bango.

Kawu bai yi dariya ba. Ya ce, "Halal ka ɓoye haka. Ranar da ka yi haram, ina za ka kai shi?"

Na sunkuyar da kai. Ya aike ni kanti na sayo sabuwar kwalba, ya ce a hannu zan riƙo ta, ba leda. Ya ajiye ta a bakin ƙofa da takardarta tana kallon bene, ya buɗe ƙofar gaba ɗaya, ya sa na juye abincin a faranti, don duk wanda warin ya kawo ya ga abin da ke akwai. Mutane sun zo kuwa. Dattijon ya ɗauki guda ya tauna, ya tauna, ya ciro ya duba, ya tambaye ni ko daga garejin masu faci na sayo.

Kawu ya turo mini farantin da gindin cokali, ya ce, "Ba a zubar da abinci a ɗakina. Cinye, sannan ka mayar da jakarka inda take."

Muƙamuƙina ya yi ciwo har Lahadi. Da na koma aiki na tsaya a tagar kicin na tambayi kukun, yadda ya kamata in yi tun farko. Ya ce da zarar ya yi ja a sauke.