Gashin Ƙafar Baba

Zamanin Turawa, shekarar da na yi aure, ƙafafun mahaifina suka fara mutuwa. Masunci ne, tun yana yaro yake hawa gora a kogin Haɗeja. Da farko ya ce kamar kiyashi ke yawo a tafin ƙafarsa. Can sai takalmi ya riƙa suɓuce masa bai sani ba. Wata rana ya dawo daga fadama da ƙaya a dunduniya, mu muka gan ta.

Kowa a unguwarmu ya ce sanyi ne. Mutum ya shekara arba'in cikin ruwa, me kuma ake nema? Maganin sanyi kuwa zafi. Wanzami ya yi masa ƙaho, Inna ta shafa man shanu da citta, shiru. Ni kuwa uban iyawa, na ce wasa suke, gashi za a yi masa irin na mai jego. Ruwa ya fara janyewa, lokacin su, wato kamun kifi, ya matso, ina so in gan shi bisa gorarsa.

Na tafasa ruwa da ganyen runhu, na juye a kwatarniya, na surka kaɗan. Ya tsoma ƙafafu. Na tambaye shi ko da zafi.

"Ko ɗumi babu," in ji shi. "Ƙara."

Na ƙara. Har daɗi na ji, wai Baba jarumi ne. Yatsu goma gare ni, ban tsoma ko ɗaya ba. Inna ce ta fito ta ga tururi, ta yi salati ta fizge ƙafafun. Fatar ta riga ta saluɓe.

Da muka kai shi, malamin asibiti ya tambaya ko kiyashi na taruwa inda Baba ke fitsari. Sun daɗe suna taruwa, muna gani. Ya ce ciwon sukari ne ya kashe jijiyoyin. A rage masa zuma da rake, a riƙa duba ƙafar kullum, a shafa mai, kada ta kusanci wuta.

Gyambon ƙafar hagu bai warke ba. Aka yi su babu shi, gorar na rataye a zaure har ta tsage. Ni nake wanke masa ciwon kowace safiya. Ranar da na kasa ɓoye hawaye, sai ya dafa kaina.

"Daina kuka, ɗan nan. Wallahi ban ji komai ba."

Da zagina ya yi, da na fi samun sauƙi.