Ƙasar Bayan Ɗakin Mahaifiyata

Shekarun baya, zamanin babban farin nan da ya ƙarar da shanu ya bar mutane riƙe da igiya, muka taso daga ƙauyenmu na ƙasar Adar muka sauka Yamai, ni da maigidana da ƴaƴanmu biyu. Sojoji ba su daɗe da karɓar mulki ba. Ni ban taɓa shiga lakwal ba, makarantar boko ke nan, faɗa nake ana rubutawa, amma abin da idona ya gani ba mai gyara mini shi.

Mahaifiyata ta ƙi biyo mu. Ta ce ita ba ta barin ɗakinta don sama ta yi fushi. Ranar da za mu hau kamiyo, babbar motar kaya, ta zaga bayan ɗakin, ta kankaro ƙasa, ta ƙulle a tsumma ta miƙo mini. Ta ce, "Ruwan kogi ba irin na rijiyarmu ba ne. Ki riƙa barbaɗa kaɗan cikin randa har cikin yaran ya saba." Haka ake yi a wajenmu in mutum zai baƙunci wata ƙasa. Na barbaɗa na ƴan kwanaki, cikinmu ya saba, na cusa sauran can ƙasan akwati. Kafin wata damina labarin rasuwarta ya iso. Bayanta sauran mutanen garin suka watse, rijiya ta rufta. Duk abin da ya rage mini na garinmu shi ne wannan ƙulli, bai kai dunƙulen hannu ba.

A unguwar Yantala muka zauna, gidan ƙanen mijina. Malamin lakwal ne, kowa Mushe yake ce masa, yadda ake kiran malamai da bakin Faransa, ni ma haka nake kiransa, sai dai ni da tsiya nake faɗa. Kun san wasan da ke tsakanin mace da ƙanen miji. Shi kuwa ya ba ni abin tsokana har ya yi yawa, don yana da wani aiki da ban taɓa ganin irinsa ba. In ya taso daga lakwal sai ya ɗauko allon katako ya shafa fenti, sannan ya bi ya liƙa tarkace a kai: ƙyalle, tsohuwar jarida, murfin gwangwani, guntun buhu, har ɓawon kifi da yake tsintowa bakin kogi. Wai sunan abin tablo.

"Mushe, yau kuma wace bola ka kwaso mana?"

"Matar yaya, ba ki san aiki ba. A ƙasar Nasara layi ake bi a kalli irin wannan."

"To kai musu. Mu nan layin dawa muke bi."

Layin dawar kuwa shi ya haɗa mu faɗa. Fenti ya yi wuya, kol ɗin da yake liƙi da shi ya ɓace daga kantunan Zongo. Wata rana na dawo daga wanki na tarar da shi tsugune gaban murhuna yana dama wani abu a ƙaramar tukunyata. Garin jar dawar taimako ne, wadda na tsaya wa tun asuba har rana ta take, na daka da hannuna. Na ɗauka kunu yake yi, har na ji tausayinsa. Sai na ga ya lakato yana shafawa bayan takarda.

Ban ɗaga murya ba. Na ce, "Mushe, katakon nan shi ma yunwa yake ji?"

Ya ce cokali biyu kawai ya ɗiba.

Na ce, "Cokali biyu karin kumallon ƴata ne."

Ya sunkuyar da kai. Bayan kwana uku ɓeraye suka gama mini sauran faɗan. Suka bi duk inda ya shafa garin suka cinye, tablo ya koma kamar kan mai ƙora. Na yi dariya har da hawaye. Amma da na ga yadda ya zauna yana tattara guntayen takarda, sai dariyar ta tsaya mini. Na ce masa, "Ku da kuka yi karatu, ba a gaya muku akwai ƙaro a duniya ba?"

Daga ranar na zama malamar Mushe. A garinmu ni ce ake kira in za a yi daɓe ko yaɓen ɗakin amarya, bangon da na shafa ba ya tsagewa. Na nuna masa yadda ake jiƙa ƙaro a tace. Na nuna masa ruwan bagaruwa, wanda ke sa ƙasa ta kama ta yi tauri. Baƙi muka samu daga gindin tukunya, fari daga toka, shuɗi daga shunin wanki, ja daga lalle da goro. Ba duka ke yi ba. Wani ya bushe ya fashe, wani ya yi fumfuna, wani da muka sa wa ƙwai ya cika gidan da wari har maigidana ya ce ko mu fitar da shi ko shi ya fita. Mushe yana rubuta kowane gwaji a littafi. Ni a kaina nake ajiyewa, kuma in mun yi gardama nawa ne ke fitowa daidai.

Wata la'asar ya ajiye babban allo ya ce yana so ya yi garinmu. Tun yana ƙarami aka ɗauke shi lakwal, bai riƙe komai ba sai rijiya da wata bishiyar aduwa. Ya ce, "Ke ki faɗa, ni in liƙa."

Nan fa ya taɓo inda nake so. Na zauna na jero masa garin tun daga hanyar shanu har masallaci. Rumbunan da ke gabas ya yi su da guntayen faifai. Rufin ɗakuna da ciyawar tsintsiyata, wadda ya sata, na gani na yi shiru. Mata a bakin rijiya da ƙyallayen da wani tela ya tara masa. Sati uku muna yi, komai ya zauna, sai ƙasar da za a shafa a ɗakin mahaifiyata. Ya ɗebo ta bakin kogi, na ce ta yi fari. Ya ɗebo ta hanyar unguwar Dar es Salam inda ake haƙar gini, na ce wannan ja ce irin ta marar kunya. Ya gauraya su da goro, na ce wannan ko akuyar garinmu ba ta kwanciya a kai.

Ya ajiye burushi ya ce, "Matar yaya, anya garin nan naku yana da ƙasa kuwa, ko a bakinki kawai take?"

Bakina ne ya ja mini. Na tashi na buɗe akwati na ɗauko ƙullin, wai don in nuna masa in rufe masa baki. Na kwance. Ja ce mai duhu, kamar hantar rago, da ƴan ƙananan duwatsu masu ƙyalli. Ya daɗe yana kallo. Da ya yi magana babu wasa a muryarsa.

"Yaya, ki ba ni."

Na ƙulle abina na mayar. Na ga yadda gwajinsa ke ƙarewa, rabi a bakin ɓera, rabi a bakin tsintsiya. In wannan ta fashe ta zube, ina zan samo wata? Bai sake roƙo ba. Ya jingine allon a zaure, da gurbin ɗakin mahaifiyata fari fat, bai shafa masa komai ba. Kullum in zan fita sai na wuce ta gabansa. Ga rijiya, ga aduwa, ga rumbuna, inda uwata take kuwa babu kowa. Kwana tara na jure.

Rana ta goma na ce masa, "Zan bayar, amma ba za ka taɓa ba. Kuma ba a kan katakonka ba."

Na samo tsingaron tukunya mai faɗin tafin hannu, ya huda shi ya ɗaure a gurbin da waya. Na zuba ƙasar a ƙoƙo, na ɗiga ruwan bagaruwa da ƙaro. Ruwan na taɓa ta, ƙamshin ya taso. Jama'a, ruwan farko ne a garinmu. Na ji mahaifiyata tana kiran mu mu kwashe shanya, na ji kajinta suna gudu ƙarƙashin rumbu. Na daɗe riƙe da ƙoƙon ban motsa ba. Mushe, mai surutun nan, ya fita ya tsaya ƙofar gida har na gama. Na shafa da yatsu uku, na ja layi a karkace yadda take yi wa bangonta. Ta ƙare daidai, ko ƙwaya ba ta ragu ba.

Ta bushe ba ta tsage ba. Wata biyu allon yana zaure, kowace safiya ina gaida shi da ido.

Sai aka yi wani biki a lakwal ɗinsu, ya kai tablo uku. Ɗaya a ciki buhun taimako ne ya liƙa, da cokula wofi jere a ƙarƙashi. Wani babba mai kaki ya tsaya gabansa ya daɗe yana kallo. Ba a yi sati ba takarda ta zo, an mayar da Mushe can gabas, bakin iyaka, kwana uku ya tattara. A wancan zamanin ba a tambayar dalili.

Ranar tafiya matan unguwa sun cika zaure suna sallama. Dama sun daɗe suna yi mini dariya, wai baƙauya ta zo birni ta koma wasan ƙasa. A gabansu ya ɗauko allon ya ce, "Yaya, wannan naki ne." Na ga suna taɓa juna. Sai na ji bakina yana cewa, "Ni me zan yi da katako? Kwashe bolarka, in samu wurin shanya."

Ya dube ni, ya san ƙarya nake. Ya jira kaɗan ko zan gyara, ban gyara ba. Aka ɗora allon bisa kamiyo tsakanin katifa da buhun gawayi. Wannan karo ba fari ne ya raba ni da garinmu ba, ni ce da girman kaina. Na share zaure fes, ban taɓa yin shanya a wurin ba.

Shekara goma sha ɗaya bai zo ba. Da ya dawo, gemunsa da furfura, bayan gaisuwa na kasa tambaya, sai zagaye nake. Ya yi dariya ya ce, "Matar yaya, gara ta cinye garinku. Rumbuna, rijiya, matan, har littafin gwajina." Sannan ya sa hannu aljihu ya fito da abu naɗe a hankici. "Wannan ne kawai ta kasa."

Tsingaron ne, da layin yatsuna uku, ko tsagewa babu.

Na ce, "Ai na gaya maka aikina ba irin naka ba ne."

Shi ma ya rasu yanzu, Allah ya jiƙansa. Na daɗe ina ce wa aikinsa bola. Daga baya na gane mutumin yana tsintar abin da fari ya bar mana ne yana liƙa shi wuri ɗaya don kada ya watse, kuma cikin duk gidan ni na fi kowa bukatar hakan.

Tsingaron yana akwatina. Sau ɗaya a shekara, ranar da aka yi ruwan farko, nake ɗiga masa ruwa da ɗan yatsa in kai hanci. Ba na ƙarawa, kada ya ƙare. Bana na ɗiga, na jira, ban ji komai ba. Na sake ɗigawa, abin da ban taɓa yi ba, shiru. Na naɗe shi na mayar. Duk wanda ya tambaye ni, cewa nake hancina ne ya tsufa.